Hoton Mahaifiyar Hakimi

Shekara tara na yi ina zane a Faransa. Na dawo na tarar an sare tsamiyar ƙofar gidanmu, Hakimi kuma ya sa ido kan gonar babana.

Ya nuna min zanen wata gimbiyar Turawan da, gashi kamar rumbu, ƙugu kamar na zanzaro.

"Tanimu, haka za ka zana mahaifiyata. Ya yi kama da ita sak, kuma ta so shi. In ɗaya ya kuskure, gonar tawa ce."

Mahaifiyar tasa, Hajiya Yalwa, ta haura shekara tamanin. Na zana 'yar shekara sha takwas cikin siliki, tana lilo, na kai fada.

Hakimi ya ce, "Wannan ba Hajiya ba ce."

Na ce, "Ranka ya daɗe, ga ta nan zaune. Nuna min abin da na rage a fuskarta, in ƙara."

Hajiya ta gyara zama. "Nuna masa mana, Ɗanbaba. Ina ji."

Hakimi ya dubi zanen, ya dube ta, ya ce:

"Kamar an tsaga kara."

Gona ta tsira. Ni kuwa jakata nake haɗawa in gudu, don Hajiya tana da ƙawaye goma sha ɗaya masu son irin zanen, kowacce ɗanta hakimi ne.