Sunayen da Haulat Ta Tsallake

Haulat 'yar ajinmu ce a unguwar Madinat Khalifa, nan ƙasar Larabawa. Murya kam Allah ya ba ta, amma ba ta jin maganar kowa. Abin nan jiya-jiya ya faru, wallahi har yanzu yana raina!

Da aka fara gasar kofin duniya, sai aka zaɓi ajinmu mu yi wa baƙi 'yan ƙasar Ekwado waƙa a wani fili a garin Lusail. Waƙar wata mawaƙiyarsu ce, Selmira. Malama Basiratu ta ce a yankinsu ita ce macen da ta fara hawa dandali da ganga. Maza suka yi ta jifanta, ba ta sauka ba. Korona ce ta yi ajalinta, aka binne ta ba taro. Kuma duk rayuwarta ba ta fara waƙa sai ta kira sunayen matan da suka koya mata, kakarta da masu wanki a bakin kogi. Sai an kira su jama'a ke yin amshi.

Haulat aka ba jan waƙar. Ta ce, "Malama, sunayen nan karya harshe suke. Muryata za a zo ji, ba tsofaffin da suka mutu ba."

"Haulat, ki koya dai."

"Khalas, shi ke nan, Malama, na ji."

Ba ta koya ba. Mufeeda ce, 'yar Gana da ke layin baya, take ta nanata su a mota, muna mata dariya.

Jiya muka hau. Haulat ta tsallake sunayen ta faɗa waƙa. Ta kai wurin amshi, ta miƙa wa jama'a hannu su amsa. Tsit. Ta sake. Fili cike, ba wanda ya buɗe baki. A cikin baƙin har da 'yar Selmira, tana zaune a gaba, ta sunkuyar da kai. Haulat ta tsaya da waƙar.

Sai muka ji Mufeeda daga baya tana kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya. Ta rufe da sunan Selmira. Wayyo, filin nan kaf ya miƙe ya amsa! 'Yar Selmira ta hau tana hawaye, ta kamo hannun Mufeeda ta kawo ta gaba. Mufeeda ce ta ja waƙar har ƙarshe. Haulat ta koma layin baya.

'Yan uwa, baiwa ba ta isa ita kaɗai. Duk abin da ka iya, wasu ne suka sha wahala kafin ya iso gare ka. In ka raina sunansu, ranar da ka miƙa hannu ba mai amsa maka.