Kwalbar Da Shehi Ya Hana A Dafa

Godiya ta tabbata ga Allah da ya azurta mu da zama a gaban Shehinmu, malami masani, mai zuhudu da tsantseni, wanda ya sha fiƙihu da tafsiri har manyan malamai ke durƙuso da tambaya gabansa, amma bai taɓa raina wani ilimi ba don kawai ba a zaurensa ake karanta shi ba. Karamominsa, Allah ya ƙara masa yarda, suna da yawa, ga guda da ta faru a kan 'yar ƙaninsa.

Ita wannan baiwar Allah malamar kimiyya ce, aikinta bincike a kan ƙwayoyin yis, irin wanda ake kumbura burodi da shi. Kowace ƙwaya halitta ce guda mai zaman kanta, in ta haifi 'ya sai 'yar ta ɓalle ta kama gabanta. Masana suna ganin daga irin waɗannan tilon ƙwayoyi rayuwa ta faro, har wasu suka daina rabuwa suka zama jiki ɗaya, ita kuwa so take ta ga mafarin wannan haɗuwa da idonta. Kullum da safe sai ta girgiza 'yan kwalabenta, ta jira abin ciki ya kwanta, ta ɗebi ɗigon ƙasa, inda masu nauyi ke riga sauka, ta zuba a sabon ruwan sukari. Mijinta, wani tela mai barkwanci, yakan ce, "Matan mutane na kiwon kaji, tawa tana kiwon abin da ko kyanwa ba ta gani."

Watanni suka shuɗe, madubin ƙara girma bai nuna mata komai ba sai ƙwayoyi a warwatse. Shugaban sashensu ya gaji, ya ce ƙarshen mako za a zubar da kwalaben a ba wani kantar da take aiki a kai. Ana haka kuma ta tarar da wani farin gudaji-gudaji a gindin kwalba guda. A ƙa'idar aikinsu kwalbar da ta yi gudaji ta gurɓace, ba a ma buɗe ta kusa da sauran, don haka ta jefa ta a jan bokitin bayan ƙofa, wanda ake juyewa a tukunyar tururi a dafe. Ba ta gaya wa kowa ba, don takaici.

Washegari ta biya ta gidan Shehi, ta same shi kan buzunsa an tashi daga karatun safe. Ta durƙusa ta ce, "Baba, a sa ni a addu'a, wahalata na shirin tashi a banza."

Shehi, Allah ya tsarkake sirrinsa, bai taɓa taka ɗakin bincikenta ba. Yana jan carbi ya ce cikin natsuwa, "'Yata, wadda kika jefa a jan bokiti bayan ƙofa, kin yanke mata hukunci ba ki saurare ta ba. Je ki ɗauko ta."

Ta ɗago da mamaki. Ta san da sassafe ake dafa abin bokitin, ga shi hantsi ya yi. Ta ce, "Baba, ai yanzu an riga an dafe."

Ya ce, "Je ki dai."

Da gudu-gudu ta isa. Ta tarar da dattijon da ke kula da ɗakin tsaye gaban tukunyar yana sharce gumi. Ya ce, "Malama, yau tukunyar nan ta yi mini gardama. Ga wuta, ga ruwa, na danna makunninta har yatsana ya yi ciwo, ko ɗumi ta ƙi yi." Ta buɗe murfin, ta laluba ta zaro kwalbarta. Tana mayar da murfin, dattijon ya sake dannawa, nan take tukunyar ta kama huci. Ya ja da baya yana salati.

Ta ɗiga ɗigo guda ƙarƙashin madubi ta leƙa. Ashe babu wata gurɓacewa. Yis ɗinta ne, amma uwa riƙe da 'ya, 'ya riƙe da jika, sun yi rassa sun dunƙule kamar kan farin kabeji. Ta zauna tana kallo har wani babban dunƙule ya tsage biyu, kowane ɓari ya ci gaba da girma a haɗe. Abin da ta yi watanni tana nema ke nan, kuma da hannunta ta jefa shi shara. Shugaban sashe da ya leƙa ya daɗe bai ɗago ba, da ya ɗago kuwa cewa ya yi a ƙara mata kanta ta biyu.

Da la'asar ta koma wurin Shehi ita da mijinta, tana ba da labari tana hawayen farin ciki. Telan ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ashe kiwon nata ya yi albarka." Shehi ya yi murmushi ya ce, "Ni ban yi komai ba, Mai haɗawa ne ya haɗa. Ke ma, 'yata, da ƙwaya ɗaya kika fara a cikin mahaifiyarki. 'Ya'yanta suka ƙi rabuwa, shi ne ga ki nan zaune kina mini kuka."

Tsarki ya tabbata ga wanda ke tara ƙanana ya yi babba da su, yake kuma sanar da bayinsa na gari abin da ke bayan ƙofa. Ya Allah, ka ƙara wa Shehinmu daraja, ka ba mu albarkarsa, ka riƙe mu a haɗe da shi duniya da lahira, kada ka bari mu ɓalle. Amin.