Telan da Bai Taɓa Cewa Abu Ya Yi Masa Wuya Ba

Akwai wani tela mai ɗan shago a zauren gidansa, wanda ba a taɓa jin ya ce abu ya yi masa wuya ba. Shi ya ɗinka wa matarsa kayan aurensu da hannunsa, kuma har suka yi furfura bai daina kiranta Amarya ba.

Da tsufa ya zo, ido ya fara yi masa gardama. Sai ya yi ta fama da kafar allura kafin zare ya shiga. Amma kullum da safe yakan tarar da 'yan allurai da zarensu a soke a gefen tebur, ya ɗauka ragowar jiya ne. Suna ƙarewa sai ya rufe shago, wai rana ta yi zafi.

Ɗinkin mutane ya taru, wasu suka kwashe yadinsu suka kai gaba. Shi kuwa gara shagon ya mutu da Amarya ta ga gazawarsa.

A lokacin yana zuwa ajin manya koyon Turanci, saboda jikokinsa na nesa ba sa jin Hausa sosai. Wata rana malama ta koya musu yadda ake cewa abu yana yi wa mutum wuya, ta ce gobe kowa ya zo da misali daga rayuwarsa.

Da yamma ya zauna a tsakar gida yana ta maimaita nasa, hankali kwance, tunda Amarya ba ta jin Turanci.

"To Bature," in ji ta tana tankaɗe, "a fassara wa na baya mana."

Ya kalli hannuwan nan nata da ya taɓa aunawa yana saurayi. Ƙarya ta ƙi fitowa.

"Cewa na yi, zura zare a allura ya yi mini wuya."

Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Da can aljanu ne suke zura maka da asuba? Ni ma ɗaga turmin nan ya yi mini wuya, ka ji na faɗa da Hausa."

Washegari aka ga kujera biyu a shagon.

Darasi: Faɗin "ya yi mini wuya" ba ya rage darajar mutum. Mai ƙaunarka ya riga ya gani, bakinka kawai yake jira. Ku tura wa wanda kuka san yana fama shi kaɗai.