Kafaɗar da Shehi Yake Dafawa

Shehinmu, Allah Ya ƙara masa yarda, malami ne masanin Allah, mai tsantseni da zuhudu, wanda shekaru sittin na sunkuyo a kan littattafai suka lanƙwasa bayansa har ya zamana ba ya tafiya sai ya dafa wani. Shekara goma sha ɗaya kafaɗata ta dama yake dafawa daga zaurensa zuwa masallaci, kuma ba zan ɓoye ba, da wannan nake taƙama a cikin muridansa.

Ni ne mai kwafe masa littattafai. Da girma ya zo mini, nawa bayan ya fara doro, ciwo ya kama ni daga ƙeya zuwa tsakanin kafaɗu, har ba na iya ɗaga kai. Na ɓoye don kada a karɓe mini matsayi. Mutane suna cewa, “Dubi tawali'un Marubuci, ko kai ba ya ɗagawa!” Ni kuwa sai in ƙara sunkuyarwa.

Sai ga wani tela da ko wata uku bai yi a darasi ba, ya zo yana kukan wuyansa. Shehi ya yi masa addu'a, ya ce ya ɗaga kekensa da katako, ya rage tudun matashi, ya riƙa tashi yana miƙewa a jikin bango, kuma ya je wurin likita ya duba shi. Bai rufa wata ba ya warware. Rannan da aka kira azahar na miƙa kafaɗa kamar kullum, sai Shehi ya ce, “Tela, matso.”

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Mutumin da ko alwalarsa sai an gyara! Kwana tara ina bin su a baya ina cin rai: ga tela da sauri, ga shi bai san inda murfin kwata ya karye ba. A rana ta goma na ce wa tela Shehi ya ce ya huta yau. Ƙarya na yi, Allah Ya yafe mini.

Shehi ya fito ya gan ni ni kaɗai, ya dafa ni. A matakala ta biyu ta masallaci wuyana ya riƙe, ƙafata ta goce, saura ƙiris in kayar da shi. Sai ga shi shi ne ya tare ni, dattijon da ba ya iya tsayuwa shi kaɗai.

Ya ce a hankali, “Ɗana, shekara bakwai ina jin ciwon nan naka a tafin hannuna, ina jira ka faɗa. Da ka ƙi, na ɗauke maka nauyina.” Ban taɓa gaya wa kowa ba, ko uwar 'ya'yana.

Ya aza hannunsa mai albarka a ƙeyata, ya yi bismilla. Wani ɗumi ya gangara bayana, na ɗaga kai, na ga fankar da aka sa a rufin masallaci shekara biyar da suka wuce, wadda iskarta kawai na sani. Doron bai tafi ba, ya ce wannan na shekaru ne, in bi abin da ya gaya wa tela. Ciwon kuwa bai sake dawowa ba.

Na ce, “To gobe zan koma wurina, Shehi?”

Ya yi murmushi ya ce, “Wuya ya warke, saura zuciya. Je ka nemi gafarar tela.”

Har yau tela yake dafawa, ni kuma ina biye da darduma. Tsarki ya tabbata ga Wanda Ya buɗe wa bayinSa salihai abin da muke rufewa. Allah Ya ja da ran Shehi, Ya shayar da mu albarkarsa, Ya cire mini abin da ke sukata duk sa'ad da na ji ya ce, “Tela, matso.”