Motar da Ta Fi Ƙarfin Gwiwar Baba

Akwai wani mai shagon fenti da ake yi wa laƙabi da Ɗan Kwalisa. Sunan bai zo a banza ba, mutum ne da ko bokitin fenti zai ɗauka sai ya gyara zaman hularsa tukuna. Yana da mota a-kori-kura. Da ita yake kai wa magina kaya, da ita kuma yake kai mahaifinsa asibiti duk mako a gasa masa gwiwa. An yi wa tsohon aiki a gwiwar, likita kuma ya ja kunne cewa in aka bar gashin nan ƙafar za ta sandare.

Mota dai lafiyarta ƙalau. Amma wata rana a gidan mai, wata irin tasa ta tsaya kusa da shi, an ɗaga ta sama, ga tayoyi ƙatti, direbanta yana leƙo shi ta taga. Shi ke nan, bawan Allah ya rasa sukuni.

Ya shiga zaryar gareji. Bakanike ya sa mata dogayen sifirin, mota ta tashi. Sai aka zo zaɓen rim, wato ƙarfen da ake sa wa taya, nan ne fa aka sha fama. Baƙi, ya ce ya yi duhu. Mai ƙyalli, ya ce ya yi kama da faranti. Sai ya sa a ɗaura, ya ja da baya, ya tsuguna, ya kanne ido ɗaya, ya ce a cire. So yake tayoyin su ɗan fito waje, motar ta tsaya a buɗe kamar ɗan kokawa.

Har bakaniken ya gaji ya ce, "Ranka ya daɗe, don Allah ka zaɓi ɗaya. Akwai motocin mutane a layi."

Ranar da ya kawo ta gida, matarsa ta fito ta zagaya ta, ta riƙe haɓa.

"Maigida, wannan kuma da tsani ake hawa?"

"Ke ba ki san mota ba. Dubi tsayuwarta."

"Na ga tsayuwa. Baba fa?"

"Baba me? Ai ga ni."

Jama'a, wannan "ai ga ni" ɗin shi ne ya fi ba ni haushi a duk labarin.

Ranar asibiti ta zo. Tsoho ya fito da fararen kayansa, ya dafa ƙofar mota, ya ɗaga ƙafa. Ba ta kai ba. Ya sauya ɗaya ƙafar, gwiwa ta ƙi. Maƙwabta kuwa suna zaune a ƙofar gida suna kallon sabuwar mota.

Maimakon Ɗan Kwalisa ya nemo ɗan benci ko bulo a taka, sai ya sunkuci mahaifinsa kamar buhun siminti ya ɗora a kujera. Takalmin tsohon ɗaya ya faɗi ƙasa, wani ya ɗauko yana dariya ya miƙa masa. Shi kuwa gogan naku har da karkaɗe hannu, yana cewa, "Kun gani? Ba wata wahala."

Haka suka je asibitin suka dawo.

Mako na gaba da aka zo tafiya, sai tsoho ya ce, "Bar shi yau, yaro. Ƙafar ta yi sauƙi."

Makon da ya biyo baya ma haka. Ɗan Kwalisa kuma ya karɓa hannu bibbiyu, don dama ranar asibiti tana cinye masa lokacin wanke mota.

Matar ce ba ta yarda ba. Ita take kai wa surukinta abinci, tana ganin yadda yake jan ƙafa yana bin bango.

"Baba ba sauƙi ya samu ba," in ji ta. "Motar nan ce ba ya son hawa. Ka sauke ta, ko ka ɗauko masa tasi."

"Ina da mota irin wannan in sa mahaifina a tasi? Mutane su ce me?"

"Su ce ka kai shi asibiti."

"Shi da bakinsa ya ce ya warke. Kin fi shi sanin jikinsa ne?"

Ta yi magana har ta gaji. Da ta ce ita za ta kai shi, tsohon ma ya ƙi, wai kada ɗansa ya ji kunya a unguwa. Haka aka yi ta tafiya, ɗa yana goge rim, uba yana jan ƙafa.

Wata safiya tsoho ya zo tashi daga gado ya kasa. Gwiwa ta cije, ba ta miƙewa, ba ta lanƙwasuwa. Motar da ake taƙama da ita tana tsaye a waje tana ƙyalli, amma ba yadda za a yi a cusa mai sandararriyar ƙafa can sama. Tasin da ake gudu, ita aka kira.

Likita ya duba, ransa ya ɓaci. Ya juya kan tsoho yana faɗa kamar ya samu ƙaramin yaro.

"Baba, ban gaya maka ba? Wa ya ce ka daina zuwa? Ga ɗanka da mota, me ya hana ka?"

Tsoho ya sunkuyar da kai ya ce, "Laifina ne, likita. Taurin kan tsufa ne."

Ɗan Kwalisa yana tsaye da makulli a hannu, ya kasa haɗa ido da kowa. Sai da suka fito baranda, yana tura mahaifinsa a keken marasa lafiya, sannan ya sami baki.

"Baba, me ya sa ba ka faɗa mini ba?"

Tsoho ya waiwayo ya dube shi. Sai ya ce, "Kai ne fa ka ɗauke ni ranar nan. A hannunka nake, jikina yana rawa don kunya. Abin da hannunka bai ji ba, da wane baki zan faɗa maka?"

A makon aka sauke mota, aka mayar da tsofaffin tayoyi. Wannan aikin yini ɗaya ne a gareji. Gwiwa kuwa ba ta koma yadda take ba, har yau da sanda tsohon yake zuwa ƙofar gida.

Darasi: Kafin ka ƙawata abinka don idon mutanen waje, duba wanda yake dogaro da shi a cikin gida. Iyaye sukan ce "na warke" don kada su takura mana, aikinmu ne mu kalli tafiyarsu, ba bakinsu kaɗai ba. Ku tura wa 'yan'uwa, wataƙila akwai wanda zai karanta ya tashi ya leƙa ɗakin mahaifinsa yau.