Shagon Tabarau da Ya Daina Sauraro

Akwai wani saurayi da ake wa laƙabi da Dijital. Ya daɗe a ƙasar waje, da ya dawo sai wani mai shagon tabarau ya ɗauke shi aikin talla, domin shagon ya tashi ya koma wani sabon layi.

Dijital ya soke tallan rediyo, wai na tsofaffi ne. Ya cika Instagram da hotuna, ya rubuta sabon adireshi da ƙananan haruffa masu ado. Duk wanda ya turo saƙo a WhatsApp, amsa ɗaya ce: "Duba shafinmu." Saƙon murya kuwa ba ya ko buɗewa.

Wata ya ƙare, kujerun jira babu kowa.

"Maigida, dubi yawan masu kallon shafinmu!" in ji Dijital.

"Masu kallo idonsu ƙalau, ɗana. Ni masu lalube nake nema. Kunna min saƙonnin can mu ji, kafin in sallame ka."

Na farko wani dattijo ne, ya tarar da tsohon shago a rufe, yana tambaya ko mai shagon rasuwa ya yi.

"Madalla," in ji maigida, "har ka binne ni."

Sai muryar wata tsohuwa: "Bayin Allah, tabarauna ya karye, kuna ta turo min rubutu. Da me zan karanta? Akwai ɗan ƙanena da na goya, yana waje yana koyon irin aikin nan. In ya dawo zan turo muku shi ya koya muku mutunci."

Nan take Dijital ya gane muryar. Gwaggonsa ce. Tun dawowarsa bai je ya gaishe ta ba.

Ya roƙi maigida ya ƙara masa lokaci. Ya amsa kowane saƙo da muryarsa, ban da na gwaggo da ya bar wa maigida, ya mayar da tallan rediyo, ya sa kwatance iri ɗaya a ko'ina da manyan haruffa. Duk wanda ya shigo sai ya tambaye shi inda ya ji labarinsu. Yawancinsu a rediyo ne.

Ranar da gwaggo ta zo, ya raɓe a gefe. Aka saka mata sabon tabarau, ta ɗago kai ta ƙare masa kallo.

"Au! Ashe kai ne 'Duba shafinmu'?"

Ya durƙusa, ya kasa haɗa ido da ita.

Darasi: Kafin ka yi talla, saurari mai saye, ka san inda yake jinka, kuma maganarka ta zama ɗaya a ko'ina. Ku tura wa duk mai sana'ar da ya bar saƙon mutane ba amsa.