Tukunyar Tekna

Akwai wani makaɗin jita ɗan garin Menaka mai suna Ghissa, wanda kiɗan zamani na rok ya kai shi har Bamako. Shekarar da fari ya ƙarar da awakin danginsa, ya yi waƙa mai zafi a kan yunwa da motocin agaji da ke wuce ƙauyuka ba su tsaya ba. Don waƙar ta ratsa zuciya, sai ya sa sunan goggonsa a amshi: "Tukunyar Tekna ta daɗe a kife."

Waƙa ta karɓu, har a wayoyin makiyaya ana jin ta. Da aka tura motar gero ƙauyensu, Ghissa ne a kujerar gaba da sabon rawani, sai hura hanci yake.

Kowa ya shiga layi, ban da Tekna.

Ghissa ya same ta a tantinta. Jikarta Lalla na kwance a tabarma, duk haƙarƙari a waje, ko kuka ba ta iyawa. Hankalinsa ya tashi.

"Goggo, tashi ki karɓa! Waƙata ce ta kawo motar nan."

"Na ji waƙarka," in ji ta. "Ko da kabari a gabanmu, in an gaishe mu cewa muke alheri kaɗai. Kai kuma ka ɗauki tukunyata ka kai kasuwa. In fita yara su nuna ni da baki?"

"Yarinyar nan mutuwa za ta yi!"

Hawaye na zuba mata, amma ta juya masa baya. Ya kawo buhu ƙofar tanti, ta sa ƙafa ta ture. Ya roƙa, ya rantse, ya yi faɗa, duk a banza. Direba kuma sai danna oda yake.

Wallahi a ranar Ghissa ya tsani muryarsa.

Ya ce wa direba ya tafi. Ya zagaya bayan tanti, ya sake fitowa ta hanya da buhun a kafaɗa kamar matafiyi, ya yi sallama.

"Masu gida, baƙo ne. Ga guzurina, ban iya girki ba, kuma yunwa nake ji."

Tekna ta gane shi sarai. Amma a al'adarsu, ba a barin baƙo da yunwa.

"Baƙon banza, ko sukarin shayi bai riƙo ba," in ji ta, ta jawo tukunyar ta hura wuta.

Da kunu ya nuna, ta fara ɗura wa Lalla da ludayi. Yarinyar ta haɗiye.

Ghissa yana rera waƙar har yau, amma babu sunan kowa a amshinta.

Darasi: In za ka ciyar da mai yunwa, ka rufa masa asiri, kada taimakonka ya zama abin da zai hana shi ci. Tura wa duk wanda ka san yana aikin agaji.